Zaman dindindin a Saudiyya: Ƙofar da kuɗi ke buɗewa

Shekara da shekaru baƙo ba ya zama a Saudiyya sai ƙarƙashin kafili, wanda ke da iko kan iƙamarsa. A 2019 masarautar ta ɓullo da iƙama ta musamman wadda ta kawar da wannan sharaɗi. Mai ita zai zauna da iyalinsa, ya yi kasuwanci, ya mallaki gida, ya fita ya dawo ba tare da neman izinin kowa ba.

Sai dai farashin ya nuna irin waɗanda ake nema. Ta dindindin Riyal 800,000 ce a biya ɗaya, ta shekara-shekara kuwa Riyal 100,000. A Janairun 2024 an ƙara rukunoni biyar kan Riyal 4,000, amma domin ƙwararru, masu zuba jari da wanda ya mallaki gidan da ya kai Riyal miliyan 4.

Manufar ita ce jawo jari da ƙwarewa, yayin da ƙasar ke ƙoƙarin rage dogaro da fetur. Don haka attajirin Kantin Kwari na iya samunta, amma masu aikatau da 'yan takari na nan inda suke. Wanda ya biya ma, iƙama ya saya, bai zama ɗan ƙasa ba.