Shugaban Ɗalibai A Kwaleji: Wa Ka Bari A Bayanka?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Maganata ta yau ta shafi ɗaliban makarantun da ke tsakanin sakandare da jami'a, wato kwalejojin horar da malamai, da na kimiyya da fasaha, da na koyon aikin jinya da kiwon lafiya, da makarantun share fagen shiga jami'a. Waɗannan makarantu suna da wata siffa wadda ba kasafai ake lura da ita ba idan ana batun shugabanci, ita ce gajartar zama. Mai neman NCE shekara 3 zai yi. Mai neman ƙaramar difloma ta ND shekara 2. Mai karatun IJMB kuwa da ƙyar yake cika shekara guda. A shekarar farko ɗalibi baƙo ne, yana ta neman ɗakin lacca da wurin kwana. A shekarar ƙarshe hankalinsa ya koma kan fita koyarwa ta gwaji da rubuta kundin bincike da jarrabawar fita. Abin da ya rage a tsakani shi ne duk lokacin da ƙungiya take da shi na gano shugaba, da horar da shi, da cin moriyarsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne: a irin wannan makaranta, ma'aunin da ya fi dacewa a auna shugaban ɗalibai da shi shi ne wanda ya shirya ya gaje shi, da abin da ya miƙa masa a hannu. Ko amirin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ne, ko amira, ko shugaban majalisar ɗalibai, ko na ƙungiyar 'yan gari ɗaya, ko wakilin aji, duk hukuncin ɗaya ne.

Duk wanda ya taɓa zama a kwaleji ya san yadda abin yake gudana. Za a sami amiri haziƙi, mai kaifin harshe, mai himma. Shi ne liman, shi ne mai gabatar da baƙi, shi ke zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, lambar malaman da ake gayyata tana wayarsa, lissafin kuɗi yana kansa. Shekararsa ta yi armashi, masallaci ya cika, kowa na yabo. Sai ya gama ya tafi. Sabon zango ya kama, a nemi makullin ɗakin ajiya a rasa, a tarar lasifika ta lalace, babu wanda ya san nawa ne ya rage a asusu, zauren WhatsApp na ƙungiya ma mai kula da shi ya sauya layi. Waɗanda aka ɗora a gurguje su kwashe rabin shekara suna koyon abin da za a iya koya musu a mako biyu, kafin su gama gane hanya su ma lokacin tafiyarsu ya yi. Haka ƙungiya za ta shekara 20 a makaranta amma kullum tana rarrafe kamar 'yar shekara ɗaya. Wanda ke cutuwa kuwa shi ne yaron da ya baro gidan iyayensa karon farko, da yarinyar da ta shigo ɗakin kwanan ɗalibai ba ta san kowa ba. Idan masallaci bai tarbe su ba a makonnin farko, akwai masu jiran su tarbe su, kuma ba zuwa alheri ba.

Wani zai ce ai kwaleji ce kawai, zangon wucewa ce, shugabanci na sosai sai an je jami'a. Tarihin ƙasarmu bai goyi bayan wannan magana ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, ita ta yaye Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato a 1931, da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, kuma dukkansu da aikin koyarwa suka fara. Bayan ta koma Kaduna, daga nan Malam Aminu Kano ya fito a 1942. Ita kanta ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSSN, a Legas aka kafa ta a 1954, kuma waɗanda suka kafa ta ɗaliban sakandare ne. Shugabanta na farko, marigayi Dakta Abdullateef Adegbite, daga baya ya zama babban sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Najeriya. Ƙungiyar ta haura shekara 70 a raye domin an sami masu karɓa daga hannun masu tafiya. A addini kuma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mutum uku da suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Idan tafiyar 'yan kwanaki tana buƙatar amiri da tsari, ina ga zaman shekara 2 ko 3 na ɗaruruwan matasa?

Mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya tanadi magaji tun kafin buƙata ta taso. A shekara ta 8 bayan hijira ya tura runduna ta mutum 3,000 zuwa Mu'uta, a ƙasar Jodan ta yau. Bai tsaya ga naɗa kwamanda ɗaya ba. Ya ambaci Zaidu ɗan Harisa, idan an kashe shi Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, idan an kashe shi Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya ƙara musu yarda. Dukkan ukun suka yi shahada, amma tuta ba ta zauna a ƙasa ba, domin mutanen sun saba da cewa ba a barin jama'a babu jagora. Suka haɗu a kan Khalidu ɗan Walid, ya janye rundunar ta tsira. Su waɗancan kwamandoji ba su san ranar tafiyarsu ba. Shi kuwa amirin kwaleji ranar tafiyarsa tana rubuce a jadawalin makaranta tun ranar da ya hau. To wane uzuri gare shi?

Shirya magaji kuma ba da lacca ake yin sa ba. Taron ƙara wa juna sani na kwana biyu a kan siffofin shugaba nagari yana da amfaninsa, amma ba a koyon iyo a tudu. Ku dubi Usamatu ɗan Zaidu (RA). Muna yawan ambaton cewa Manzon Allah (SAW) ya naɗa shi kwamanda a shekara ta 11 bayan hijira yana matashin da bai cika shekara 20 ba, a rundunar da har Umar ɗan Khaɗɗabi yana cikinta. Abin da muke mantawa shi ne hanyar da ya bi kafin ya kai can. An taɓa tura shi yaƙi ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bisa zaton tsoro ne ya sa shi, Manzon Allah (SAW) ya yi masa faɗa mai tsanani. Ya taɓa neman sassauci ga matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, nan ma aka tsawata masa. Bukhari da Muslim duk sun kawo labaran biyu. An ba shi aiki, ya yi kuskure, an gyara masa ba tare da rufa-rufa ba, kuma ba a yar da shi ba. Da Manzon Allah (SAW) ya yi wafati, Sayyidina Abubakar (RA) ya ƙi sauya shi, har ma ya nemi izninsa kafin ya riƙe Umar a Madina. Wannan shi ne girmama matsayin da aka bai wa ƙarami.

A aikace, wannan yana nufin tun zangon farko a damƙa wa 'yan shekarar farko ayyuka na haƙiƙa waɗanda za a tambaye su a kansu. Wannan ya kula da tabarmi da butoci da ruwan alwala. Wancan ya tsara jadawalin ladanai. Wata ta haɗa darasin tajwidi a ɗakin kwanan mata. Wasu biyu su riƙe lissafin abincin buɗe-baki a watan Ramadan. Kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki daga ajin da ke ƙasa da nasa, wanda zai riƙa raka shi ofis, ya ga yadda ake rubuta wasiƙa, ya ji yadda ake magana da hukumar makaranta cikin ladabi ba tare da ƙasƙanci ba. A nan ake gane mai cika alkawari da mai zaƙin baki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu na biyu shi ne rubutu. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya ji tsoron abin da ke cikin ƙiraza ya tafi da tafiyar masu shi, ya ba Sayyidina Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani, aka ɗora aikin a kan matashi Zaidu ɗan Sabit (RA). Darasin a fili yake: abin da ke kan mutum ɗaya kawai yana tafiya tare da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka ƙungiyar da ke karɓar gudummawar ɗalibai bayan sallar Juma'a amma ba ta da littafin shiga da fita, ta saɓa wa abin da take karantarwa. Manzon Allah (SAW) ya binciki Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka, da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, har ya hau mumbari ya yi gargaɗi a kai. Idan an binciki sahabi, ma'ajin ƙungiya bai kamata ya ɗauki tambaya a matsayin zargi ba. A karanta lissafi a gaban jama'a ƙarshen kowane zango. Kada a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. A rubuta takardar miƙa ragama mai ɗauke da kayan ƙungiya, da bashin da ake bin ta, da sunayen malaman da ke taimakawa, da abin da aka gwada bai yi ba da dalilinsa. Sannan a yi miƙawar tun da sauran zango guda kafin tsofaffin su fita, domin sababbi su yi aiki alhali waɗanda suka gada suna kusa.

Abu na uku shi ne shawara. Allah Ya umarci Annabinsa da yin shawara da sahabbai a aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, kuma ayar ta sauka ne a kan abin da ya faru a Uhudu, inda aka bi ra'ayin masu son a fita bayan gari, sannan aka sha wahala. Duk da haka ba a soke shawara ba. Majalisar shura ita ce ajin da magada ke koyon tunani. Amirin da ke yanke hukunci shi kaɗai, sannan ya kira taro domin a ce "na'am", ya hana na bayansa sanin yadda ake auna magana biyu a zaɓi ɗaya.

'Yan uwana mata, wannan magana taku ce gaba ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajoji, su kuma suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka a tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Ta rasu a 1864, amma tsarin bai mutu da ita ba, domin ta bar masu ɗauka. Amirar da ta fita ba ta bar ƙanne uku ko huɗu da za su iya tsayawa gaban 'yan uwansu ba, ta bar sababbin ɗalibai mata ba su da wanda za su kai wa kuka ranar da wani ya nemi ya yi amfani da maki ya ci mutuncinsu.

Ga malamai iyayen ƙungiya kuma, ina roƙon mu tsaya a matsayinmu. Ɗalibai suna zuwa suna wucewa, malami shi ke daɗewa, don haka shi ne ya fi dacewa ya ajiye kwafin takardu, ya tabbatar an yi miƙa ragama a kan lokaci. Amma idan ya ƙwace aikin ya mayar da amiri ɗan aike, babu shugaban da zai fito. Haka kuma ya sa ido a kan karatun yaran. Ɗalibin da ke faɗuwa jarrabawa saboda hidimar ƙungiya ya tozarta amanar iyayensa, kuma ya koya wa na bayansa cewa addini da ƙwazo ba sa haɗuwa. Raba aiki tsakanin mutane da yawa shi ne maganin wannan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura tambaya ɗaya da na san za ta zo: shin horar da matasa a kan shugabanci ba koya musu kwaɗayinsa ba ne, alhali an hana Abdurrahman ɗan Samura neman mulki, an kuma nuna wa Abu Zarri cewa amana ce mai zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba? Amsa ita ce tsarin da na bayyana shi ne ke kashe kwaɗayin. Wanda ya fara da wanke butoci, aka bincike shi a kan naira ɗari biyar, ya kuma san zai sauka ya miƙa wa ƙaninsa tun yana makaranta, da wuya ya ɗauki muƙami a matsayin ganima. Mai kwaɗayi shi ne wanda ke jin tsoron a sami wani da ya iya abin da ya iya. Irin wannan ɗabi'a kuwa idan ba a kashe ta a kwaleji ba, ita ce za ta bi shi har kujerar ƙaramar hukuma.

Don haka, ya kai amiri, ya ke amira, kafin barcin yau ku ɗauki takarda ku rubuta sunayen mutum uku daga ajin da ke ƙasa da naku waɗanda za su iya riƙe aikinku idan kuka wayi gari ba ku nan. Idan sunayen sun samu, ku gode wa Allah, ku ƙara musu nauyi. Idan ba su samu ba, to kun san aikin da ke gabanku a wannan zango, kuma ya fi kowane taro da kuke shiryawa muhimmanci.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana, Ya shiryar da matasanmu, Ya azurta al'ummarmu da shugabanni masu tsoronSa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.