Allura ba ta koyuwa a takarda

Malam, na karanta ra'ayinka cewa matasan Lafia masu sana'ar hannu su bar ɗaukar bidiyo su koma rubutu, wai bidiyo shiririta ce, rubutu kuwa shi ke daɗewa. Ban yarda ba, ko kaɗan.

Je ka zauna kusa da mai ɗinkin hula. Dubi yadda yake danne ƙyalle da babban yatsa, ya ja zare har ya kwanta luf, bai tattare ba, bai kuma yi sako-sako ba. To, rubuta mini wannan yadda yaro zai karanta ya iya. Matan Keana masu dafa gishiri ma da ido suke gane ruwan ya kai.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ba littafi ta rubuta ba. Bayan ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, a gaban jama'a ta riƙa gina tukunya a Ingila da Amurka, ana kallon hannunta.

Ka ce data na da tsada. Gaskiya ne. Amma wa kake so ya karanta rubutun? A Lafia akwai Alago, Eggon, Migili, Gwandara, da yawa suna jin Hausa ba sa karanta ta. Farashi da awo, a rubuta su ƙarƙashin bidiyon, shi ke nan.