Ra'ayi: Sujadar Lahadi kaɗai ba ta riƙe Kirista har mako ya zagayo

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ba sai mutum ya duba agogo ba kafin ya san inda rana ta kai, ladan zai gaya masa. Sau biyar a yini ɗan kasuwa Musulmi kan ja ƙyauren shago, ɗan kabu-kabu ya jingine babur, ma'aikaci ya bar tebur, kuma ba mai ganin laifinsu. Maƙwabcinsu Kirista ba shi da wannan gata. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, babu lasifikar da za ta tuna masa cewa lokacin addu'a ya yi. In bai tsayar wa kansa lokaci ba, ba mai tsayar masa.

Nan ne matasa da yawa ke tuntuɓe. Ranar Lahadi majami'a kan cika, a yi waƙa, a ji wa'azi. Daga Litinin kuwa sai neman na tuwo, sai karatu, sai salula. Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932, yana cikin wayar mutum, amma sai mako ya wuce bai buɗe shi ba. Uzurin kullum ɗaya ne: sai an samu sarari. Sarari kuwa ba ya zuwa da kansa. Wanda ke kwashe awa biyu a TikTok kafin barci ba lokaci ya rasa ba, ya riga ya ba wani abu ne.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, wato hidimar majami'ar kanta. Yau koyon waƙa, gobe taron matasa, jibi zaman kwamiti, gata Zumuntar Mata. Mutum na iya kai-da-kawowa a harabar majami'a mako sukutum ba tare da ya keɓe da Allah ko na minti goma ba. Labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10 kan wannan yake: Marta ta duƙufa wajen hidimar baƙo, Maryamu ta zauna tana sauraronsa, kuma zaɓin Maryamu Yesu ya yaba. Ya kamata fastoci da dattawan ikilisiya su tambayi kansu ko yawan tarurrukan da suke jerawa yana bar wa matasa numfashin yin addu'a a gida.

Wani zai ce wannan maganar masu ƙoshi ce. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana kan marasa lafiya a asibitin Galmi, ko leburan da sai ya fita zai ci, ina suka ga lokaci? Gajiyarsu gaskiya ce, bai dace a raina ta ba. Sai dai mutanen da Littafi Mai Tsarki ya kafa misali da su ba masu zaman kashe wando ba ne. Daniyel babban jami'i ne a fadar sarki Dariyus, amma sau uku a rana yake durƙusawa. A Markus sura 1, jama'ar Kafarnahum sun cika ƙofar gidan da Yesu yake da maraice, ya yi ta warkar da marasa lafiya, duk da haka ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a. Abin lura ba tsawon lokacin ba ne, tsayar da shi ne.

Ƴan ci-rani sun fi kowa buƙatar wannan darasi. Wanda ya tafi Abijan, Kwatano ko Legas zai tarar da majami'u birjik, amma aikin gadi ko dako ba ya sanin Lahadi. A Aljeriya da Libiya kuwa hutun mako Jumma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce, majami'a kuma na iya yin nisan da ba a kai mata. Wanda bangaskiyarsa ta jingina da taron Lahadi kaɗai, ranar da taron ya kuɓuce masa ba abin da zai dafa. Wanda ya saba tsayawa gaban Allah shi kaɗai, ko'ina ya sauka da guzurinsa.

Hanyar ba ta da tsada. Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara. Kiran sallar asuba da ke tayar da unguwa na iya zame wa Kirista agogo: minti 15 kafin a taɓa saƙonnin WhatsApp. Littafin Markus sura 16 ne, ana gama shi cikin mako biyu da kwana biyu. Karin Magana sura 31 ne, sura guda kowace rana ta wata. Wanda karatu ke ba wuya zai iya sauraron Littafin da Hausa ta waya. Mai aikin dare ya zaɓi sa'ar da ta dace da shi, ya kuma nemi aboki guda da zai riƙa tambayarsa ko ya cika alkawari.

Mai shago ba ya jiran sarari kafin ya buɗe shagonsa, domin ya san abin da zai rasa. Kiristan da ya ce Allah ne gaba da kome a rayuwarsa, to a ga shaidar haka cikin yadda yake raba sa'o'insa 24.