Kafin a ba da kwangilar kwafe takardu zuwa kwamfuta

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga gidaje da ofisoshi da asibitoci a Maiduguri, kuma bai tsaya tantance katifa da takardar fili ba. Ko ba ambaliya, gara da ɓera da gobara sun isa su sa makaranta ko asibiti ko kotu ta nemi wanda zai kwafe mata takardunta zuwa kwamfuta.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓen mai aikin. Tambayar da aka fi yi ita ce, "Nawa ne shafi ɗaya?" Sai mai araha ya samu kwangilar, bayan wata guda ya kawo filash cike da dubban hotuna, babu suna sai lambobi. Ranar da aka zo neman katin wani majinyaci, sai an buɗe su ɗaya bayan ɗaya. An koma gidan jiya ke nan, ga kuma kuɗi sun tafi.

Ɗaukar hoton takarda ba shi ne aikin ba, wayar hannu ma tana yi. Abin da ake biya shi ne tsarawa: kowane fayil da sunansa da shekararsa da lambarsa, yadda magatakarda zai gano shi cikin minti ɗaya. Saboda haka kafin a sa hannu, a ware shafi ɗari daga mafi lalacewa, waɗanda suka koɗe, da masu ninki, da rubutun hannu, a ba shi gwaji. In ya kawo, a faɗi suna ɗaya a ce ya nemo. A duba ko hatimi da sa hannu sun fito sarai. Ma'aunin da aka saba amfani da shi ga takardun rubutu shi ne dpi 300.

A gwada shi da Hausa ma. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto sukan yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, sai "ƙasa" ta koma "kasa". Ajami na hannu kuwa, sai an zaunar da wanda ya iya karanta shi ya rubuta bayanin kowane fayil.

Sai batun amana. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta sauke wa mai takardun alhaki don ya ɗauki ɗan kwangila ba. Gara a yi aikin a cikin ofis a gaban ma'aikaci, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa zai goge kwafin da ya rage a kwamfutarsa. A karɓi fayilolin a tsarin PDF/A ko TIFF da kowace kwamfuta za ta buɗe, ba a cikin manhajar kamfanin da sai an biya kuɗin wata ba, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.

Takardun asali kuma kada su ƙare a hannun mai ƙosai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, har da takardar tabbacin yadda aka samar da shi. A karɓi wannan bayani a rubuce daga mai aikin kafin a biya shi cikon kuɗinsa.