Ga Rogo, Ga Cuku, Me Ake Jira?

Yawancin alkamar burodin Nijeriya daga waje take zuwa, shi ya sa tsadarsa ta addabi mai ƙaramin albashi. Alhali kuwa duk duniya ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo.

Mutanen Birazil sun daɗe suna gasa burodin cuku da sitacin rogo, ba alkama, ba yis. To, 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun ba su da hanzari, tunda ga cukun Fulani, wato wara, a kasuwa.

Uwargida ta tafasa madara rabin kofi da ɗan mai, ta kwaɓa sitaci kofi 2, ta sa ƙwai 1 da gishiri da cuku, ta mulmula, ta gasa a tukunya bisa yashi. Ya ishi ƙaramin gida karin kumallo.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.