BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ya ku malamaina, iyayenmu na ikkilisiya da 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kan wata magana da muka saba barin wa mata, alhali kuwa ta shafi kowane gida: lafiyar mace mai ciki da abin da za ta haifa.

A wani hutun damina, matar yayana ta fara naƙuda da magariba. Maigidan yana kasuwa a wani gari, ba wanda ya yarda ya fitar da ita ba da izininsa ba. Da ya dawo washegari sai aka shiga neman kuɗi, daga nan neman mota, ga hanya ruwa ya cinye. Kafin su isa asibiti jariri ya rasu a ciki. Ita ta rayu, amma da ƙyar. Masu ta'aziyya suka ce haka Allah ya nufa. Ban musa ikon Allah ba, amma har yau ina tambayar kaina: sa'o'in nan da muka ɓata, wa za a tambaya?

Abin ba gidanmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka mutu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Ko a Amurka, mace baƙar fata ta fi farar fata shiga wannan haɗari kusan sau uku. Ashe ba kayan aiki kaɗai ke ceton rai ba, har da jin kukan mace da wuri.

Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa sama da 22,000 a Zariya. Ya gano cewa mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Masana kuma sun ce jinkiri iri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa a asibiti. Gyaran hanya da asibiti hakkin hukuma ne, mu ci gaba da tuna mata. Amma jinkirin farko namu ne, a tsakar gidanmu yake.

Akwai asibitoci a Kazaure da Babura, akwai ƙananan wuraren shan magani a yankunan Roni da Gwiwa. A Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Amma magani ba ya bin mutum gida. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Jijjiga takan ba da alama tun da wuri: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi. Doguwar naƙuda kuwa ita ce uwar yoyon fitsari. Mai irin waɗannan alamu mota take bukata, ba jiƙo ba.

Wasu al'adunmu ma sai mun duba su. Kunyar haihuwar fari kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda. Yankan gishiri yana jawo zubar jini da yoyon fitsari. Likitocin Zariya sun daɗe da danganta kunun kanwa da yawan gashi lokacin jego da ciwon zuciyar masu jego. Dakashin da ake matsewa a zubar shi ne rigakafin jariri na farko. Nono zalla har wata 6, cibiya mai tsabta, allurar rigakafi da gidan sauro, ba su kai kuɗin ragon suna ba.

Ga shawarwarina:

1. Maigida ya ba da izini tun cikin yana ƙarami, a gaban shaidu, cewa ko ba ya nan a kai matarsa asibiti.

2. A tanadi kuɗin haihuwa tun da kaka, kamar yadda ake tanadin iri.

3. Kowace ikkilisiya ta buɗe asusun gaggawa a hannun zumuntar mata, ta kuma yi magana da direban da za a iya tashinsa ko da tsakar dare. Kada a tambayi addinin mai naƙuda kafin a ɗauke ta.

4. Samarin da suka kai shekaru su san rukunin jininsu, su riƙa ba da gudummawa.

5. 'Yan matanmu su dage da darussan kimiyya, su nemi karatun ungozoma. Mata da yawa sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace mai jin harshensu.

Littafin Farawa ya ba mu labarin Rahila da ta mutu wajen haihuwar Biliyaminu. Littafin Fitowa kuma ya ambaci ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, waɗanda tsoron Allah ya sa suka ceci jarirai. Addu'a wajibi ce, amma mai addu'ar ruwa sai ya gyara gonarsa.

'Yan'uwana masu fita bana, gobe ku ne magidanta, ku ne iyaye mata. Kada a ce da iliminku mace ta kwana tana naƙuda a gidanku ana jiran izini. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana jariranmu. Amin.