Jama'ar Jos, Mu Tsare Sauran Kurminmu!

Ya ku mutanen Jos, daga Bukuru zuwa Naraguta, daga Gangare zuwa Rikkos, ku dubi motocin da ke shigowa garin nan da sassafe. Buhunan gawayi ne jibge, an toshe bakinsu da ganye an ɗaure da igiya. Cikin kowane buhu akwai kirya ko kaɗanya da ta girmi wanda ya sare ta.

Wannan ɓarna ta game duniya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga 2015 zuwa 2020 ana asarar daji kimanin hekta miliyan 10 kowace shekara. A Amazon ana share shi don kiwon shanu da noman waken soya, a Indonesiya don kwakwar manja. Mu nan madobiya aka yi ta lodawa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka dakatar da Najeriya daga cinikinta a 2018.

Amma alhakin da ke wuyanmu ya fi na kowa nauyi a Arewa. Kogin Kaduna da na Gongola daga tsaunukan nan suke tasowa. Idan muka tsiraita bakin rafi, ruwan sama ya kwashe ƙasa, manomin da bai taɓa taka Jos ba shi zai sha wahalar. Haƙar kuza ta riga ta bar mana ramuka da kududdufai. Shin za mu ƙarasa da gatari abin da ta rage?

Ban ga laifin uwar da tsadar gas ta mayar kan gawayi ba, dole ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Laifin na dillalan da ke sare ɗanyen itace tirela-tirela ne, da masu ba su izini.

Ku je Amurum, kusa da Laminga, ku ga yadda daji ke rayuwa idan mutanen wurin suka tsaya masa. Har daga ƙasashen waje ake zuwa nazarin tsuntsayensa. To, masu unguwanni, ku hana sara a bakin rafi! Limamai da fastoci, ku faɗa a kan mumbari. Iyaye mata, a koma murhu mai tsimin gawayi. Matasa, Kwalejin Gandun Daji tana nan cikin Jos, ku nemi dashe da shawara kafin damina ta kankama, kowa ya kafa ɗorawa ko mangwaro, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya ba shi ruwa har ya ƙetare rani.